Masu Cin Ƙarfe a Rijiyar Hajiya

Rijiyar gidanmu a Gwammaja ta girme ni. Mahaifinmu ne ya sa aka haƙa ta, kuma tun rasuwarsa Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta alwala da wani ruwa sai nata. Wata damina ruwan ya sauya. Guga ya fara fitowa da wani jan abu mai yauƙi, idan kuma aka bar ruwan a baho sai yana mai ƙyalli ta kwanta a kansa. Fararen kaftanin wana, wanda muke kira Yaya, guda biyu suka ɓaci a wanki.

Yaya ya kira masu yasa. Suka fito da taɓo da kwanon sha, da tsohuwar ƙugiyar unguwa, wadda aka aro tun muna yara don a ciro guga, ita ma igiyarta ta tsinke ta bi gugan. Yaya ya ce ga mai laifin nan. Ba a jima ba jan ya dawo. Sai ya yanke cewa baƙin mai ne ke tsiyayowa daga wurin makanikan bayan layi, don haka za a cike rijiyar a shafe da siminti, a koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Hajiya ba ta yi musu ba. Ta dai ja tabarmarta bakin rijiyar, nan take tsintar shinkafa, nan take amsa gaisuwa.

'Yar Yaya tana shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin, tana rubutu kan yadda bakteriyar teku ke samun ƙarfe. Hajiya kan tsokane ta cewa wadda ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba ita ce malamar teku. Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai, na tambaye ta me halittar da ido ba ya gani za ta yi da ƙarfe.

Ta ce duk mai rai na bukatarsa, kamar yadda jininmu ke bukata, amma a tsakiyar teku ƙarfe ya yi ƙaranci ƙwarai. Don haka wasu kan saki wani sinadari cikin ruwa, ya kamo ƙarfen, su janye shi ciki. Matsalar ita ce ruwa na tafiya da shi. Wasu sai suka riƙe nasu manne a jiki, kamar mai ɗaure igiyar guga a turke. Wasu ba sa wahalar yin nasu, na maƙwabta suke ɗauka. Wasu kuma daga gawar 'yan uwansu suke samu.

Na tambaye ta inda ƙarfen ya yi yawa fa. Ta ce a ƙasan teku akwai wuraren da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa da ƙarfe, na can ba nema suke ba, da shi suke samun ƙarfin rayuwa, su bar tsatsa jibge a bayansu. Ta dubi bahon Hajiya. Ta ce irinsu na rayuwa a rijiyoyi ma, musamman inda aka haƙa cikin marmara mai ƙarfe. Mu kuwa muna gindin Dala, inda mutanen dā suke haƙar tama, dutsen da ake narkarwa a sami ƙarfe.

Ba ta iya yi wa mahaifinta gardama, sai ni na kira shi. Ta zaro tsinken tsintsiya ta miƙa masa da hannu biyu.

"Abba, ka taɓa yanar nan. In mai ne za ta zagaya ta sake haɗewa. In ta masu cin ƙarfe ce, farfashewa za ta yi."

"Yanzu kuɗin makarantar duk a tsinke ya ƙare?"

Ya tsuguna ya taɓa. Yanar ta tsage gutsu-gutsu kamar fasasshen gilashi, kuma ba ta haɗe ba. Ya sake gwadawa a wani gefen. Na karɓi tsinken ni ma, na daɗe ina tsokana.

Yaya ya ce tsinke ba hujja ba ne, a kai ruwan a auna. Aka kai. Ba a sami mai ba, sai ƙarfe mai yawa, aka ce kada a sha sai an tace an tafasa. Hajiya ta sa jikarta ta maimaita mata bayanin tun daga teku, tana tambayar ko suna barci, ko suna jin faɗowar guga.

"To, tunda ƙarfe suke ci ba geron rumbuna ba, a bar mini baƙina," in ji ta.

Simintin da Yaya ya riga ya saya, da shi aka ɗaga bakin rijiyar aka yi mata murfi. Fararen kayansa kuwa, har yau wurin mai wanki a Ƙofar Mazugal yake kai su.