Katakon Malama Muzdalifa

Muzdalifa ’yar Furfuri ce, ta huɗu a cikin ’ya’yan wani manomin auduga. Ta gama kwalejin horon malamai, aka tura ta koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Bungudu. A can ta auri Tukur, kafinta, mutum marar yawan magana.

Darasin da ya fi ba ta wahala shi ne rubuta lamba a tushe biyu, wato da sifili da ɗaya kaɗai, inda biyu ke zama 10, uku kuma 11. Ta yi bayani a allo har muryarta ta dushe, ’yan aji ɗaya suna kallonta kawai.

Sai ta roƙi Tukur ya yanka mata ƙananan katako, ya rubuta 0 a kan wasu, 1 a kan wasu, don ɗalibai su jera lambobi daga ɗaya zuwa sha biyar da hannunsu.

“Guda nawa?” in ji shi.

“Hamsin za su isa. Ka raba biyu, tunda alƙaluman biyu ne.”

Ranar darasin aka ture bencina, aka shimfiɗa tabarma. Jeri ya tafi daidai har sha uku. Da aka zo sha huɗu, wata ɗaliba mai suna Luba ta ɗago kai.

“Malama, ɗaya ta ƙare.”

Sifili tara na kwance a kwali. Muzdalifa ta sa aka duba aljihuna da ƙarƙashin tabarma, ba a sami komai ba. Ta tsaya tana kallon jerin. Sannan ta ce kowa ya zauna a ƙirga.

Abin da suka samu: kafin a gama jeri har sha biyar ana buƙatar ɗaya guda talatin da biyu, sifili kuwa sha bakwai. Ta tambaye su dalili. An jima ana gardama, har wani ɗalibi daga bayan aji ya ce ai kowane layi da ɗaya yake farawa, babu lambar da ake buɗewa da sifili. Suka gwada a tushe goma, suka ga ɗaya guda takwas ce, sifili guda tal. An kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi.

Da yamma ta ce wa Tukur ya ƙara yanko ɗaya guda bakwai. Tuni ya ɗauko zarto sai ta ce ya bari. Tun daga nan kowace shekara da katakon da bai isa ba take shiga aji, ta bar ɗalibai su ci karo da matsalar da kansu.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda rashin tsaro, suka koma Sabon Gari a Gusau, gidan yayanta Lawwali. Ta riƙa tara ’ya’yan maƙwabta a zaure, har da waɗanda suka baro ƙauyukan Tsafe. Da aka buɗe ta koma Bungudu, amma duk Asabar tana shiga mota ta je zauren. Yanzu sun kai tushe uku, Tukur yana yanka masu 2.