Kwalaben da na jera a rumfar Baba

Shekarar da surukata ta rasu, saura kaɗan taron Sallah ya bar gidanmu. Tun kafin a kawo ni Yekuwa, duk babbar Sallah nan 'ya'yan gidan da jikoki suke taruwa, na Magarya da na Dungas da na Bande. A yanka raguna a ƙofar gida, a kafa su jikin sanduna su kewaye wuta har yamma. Marigayiya ce ke riƙe da komai. Da ta tafi, babbar yayar mijina, wadda kowa ke kira Yaya, ta ce a mayar da taron Magarya, gidan ƙanensu mai firigo, na'urar sanyaya abin sha.

Ba da mugunta ta faɗa ba. Mun zauna a tsakar gida bayan sadakar arba'in, ta ce, "Kowace shekara abu ɗaya. A yi kunun aya da safe, kafin azahar ya yi tsami. Zobo kuwa kamar ruwan wanka. Mutane su ci maiƙo cikin zafin nan su rasa abin sha. Inna muke yi wa haƙuri."

Matsalar ita ce Baba, surukina. Gwiwoyinsa ba sa barinsa hawa moto, wato babur, amalanke ma in ya hau sai ya kwana biyu bai miƙe ba. Idan aka tafi Magarya, shi kaɗai zai yi Sallah a rumfarsa. Ya ce, "Ku je abinku, ni ba yaro ba ne," amma ƙasa yake kallo. Ni ke kai masa abinci, na san yadda yake bin ƙofa da ido in ya ji ƙarar moto.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, a bar mini abin sha na bana. In ya lalace, baɗi a tafi."

Ta dube ni. "Amarya, ke da in kin rufe ƙofa sai kin koma kin taɓa ta?"

"Shi ya sa, Yaya."

Aka yi dariya, ta ce to, na bana kawai.

Daga ranar hankalina bai kwanta ba. Karatuna bai wuce lakwal, makarantar boko ta ƙauyenmu ba, amma na iya tambaya har mutum ya gaji. Matar mai firigon ce ta fitar da ni. Ta ce a waya in daina tunanin babbar tukunya. In dafa kowane abu daban da sukari mai yawa, har ya yi kauri ya riƙa jan zare tsakanin yatsu. Siro take ce masa. In zuba a busasshiyar kwalba, ba zai lalace ba, sai baƙo ya zo a tsiyaya kaɗan a kofi a cika da ruwa.

Na fara tara kaya. Duk ranar kasuwa mijina ya dawo da wani abu, ni kuma in sami abin da ya rage. Baƙin zobo ya zo, na ce da ƙura a ciki, na zauna na tsince shi. Tsamiya ta zo, sai citta da kanumfari, sai na tuna lemun tsami. Na shuka na'ana'a a tsohon kwano kusa da inda muke alwala. Kwalabe na bi gida-gida na roƙo, na tafasa su, na kife a rana, na sake tafasawa don ƙuda ya sauka kan ɗaya kuma na manta wacce. Ƙanƙara na ƙi ta, don ban san da wane ruwa aka yi ba. Sababbin randuna na sa aka kawo, na turara su da kajiji, na binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi a inuwar darbejiya.

Ana saura 'yan kwanaki, na buɗe kwalbar citta ta yi "fsss". Kumfa na tasowa daga ƙasa. Abin da ya yi kumfa da kansa, ina ya nufa in ba giya ba? Na ga kaina ina miƙa wa dattawa haramun ranar Sallah da hannuna. Na ce wa mijina ya je ya tambayi liman.

"In je in ce masa me? Kwalbar matata ta yi atishawa?"

"Malam, ba wasa nake ba."

"To zubar mana, ki huta, mu ma mu huta."

Na zubar bayan danga, na fasa kwalbar. Na gane ban bar ta ta yi kauri ba. Na sake dafa wata, na tsaya a kanta har ludayi yana nauyi. Sauran kwalaben kuwa kullum sai na kara su a kunne.

Ranar Sallah, ana dawowa daga idi, na shimfiɗa farin zane a kan tebur a rumfar Baba, na jera kwalabe: ja, ruwan ƙasa, ruwan zuma. Rana ta ratso ta cikinsu. Yara suka fara zuwa, sannan manya. Ƙanen mijina na Bande ya ce, "Matata, asibiti kika buɗe?" Na ce ya faɗi ciwonsa. Ya ce zobo da citta, na matsa masa lemu a kai. Ya kurɓa, ya riƙe kofin a kumatu don sanyin randa. Kafin la'asar kowa ya ƙirƙiro haɗinsa, ana gardama ko tsamiya na shiga da na'ana'a.

Yaya ce kaɗai ba ta taso ba. Na haɗa mafi kyau na kai mata, na durƙusa. Ta ce, "Ba ni ruwa kawai."

In ba ta sha ba, da me za ta yanke hukunci? Na ce, "Yaya, ko wani abu kika gani a ciki?"

Ta sassauta murya. "Likita ya hana ni sukari tun bara. Ban son a yi ta yi mini sannu."

Na waiwaya na dubi teburin. Babu kwalbar da ba sukari ne rabinta ba. Sai na tuna tsoron kada kaya su ƙare ya sa na ɓoye ragowar citta da lemu a ɗaka. Na wanke ƙaramin turmi, na sake wankewa ko sukari ya taɓa shi. Na daka citta da ganyen na'ana'a, na tace da ruwan randa, na matsa lemu. Na jiƙa mata zobo daban a kwano, shi ma babu ko ƙwayar sukari.

Ta kurɓa a hankali. Ta sake kurɓa. "Wannan ni kaɗai aka yi wa?"

"Ke kaɗai, Yaya."

"Bara ina kallo kowa na sha daga tukunya, ni ina haɗiyar yawu." Ta miƙo kofin. "Ƙaro."

Kashegari ana rabon nama, mai firigo ya tambaye ta yaya maganar baɗi. Ta ce, "Wace magana? Ka dai sayo wa Amarya ƙarin randa. Kowa kuma ya riƙa ajiye mata kwalba."

Baba yana kan tabarmarsa, jika a kowace gwiwa duk da ciwon, kamar bai ji ba. Can ya ɗago kofinsa ya ce, "Ke 'yar nan, tsamiyar nan da saura? Ki cika shi, ki sa wannan ganyen naki."

Na cika masa har ya zubo a hannuna.