Kakar da Na Fara Yawo da Injin Casa

Shekarar da na bar shagon yayana a Birnin Kudu, babu wanda ya kore ni. Ni ne na gaji da zama. Tun safe ina bayan kanta ina auna sukari da gishiri, idona a kan titi, duk motar da ta wuce sai in ji kamar ta tafi da rabona. Da na gaya masa zan sayar da shanuna biyu in sayi injin casa, ya kalle ni ya ce, "Kai dai ba ka iya zama ba. Allah Ya sa alheri."

Mahaifinmu, wanda ke da makarantar allo a Kiyako, tambaya ɗaya ya yi mini: "Idan ya lalace a gonar mutane, wa zai ɗauki nauyi?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce to, ya koma kan karatunsa.

Injin ba sabo ba ne. Na saye shi a hannun wani mutumin Gwaram, na ɗora a kan amalanke, na yi hayar shanun da za su ja. Da kaka ta kama muka shiga yawo, ni da wani ɗan baffana da ya girme ni, wanda ya fi ni ƙarfin ɗaga dami. Yau muna Kiyako, gobe mun nausa ƙasar Gwaram. Ƙaiƙayi ya shiga ko'ina a jikina, har cikin kunne. Amma daɗin da na ji ranar da na ga shinkafa tana zuba fes a kan tamfol, mai gona yana ɗiba yana murzawa a tafinsa yana murmushi, ban taɓa jin irinsa a bayan kanta ba.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne mai inji ba ya da kunnen kansa. Ko ana yi mini magana, rabin hankalina yana kan ƙarar injin. In ta ɗan sauya, gabana ya faɗi. Har a salla sai in tsinci kaina ina tunanin bel ko mai, in yi ta istigfari bayan sallama. Matata ta ce na zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

A Zandam abin ya same ni. Wani dattijo ne ya kira mu, mai fadama a bakin gari. Ya yanke shinkafarsa duka a tare saboda ya ji labarin aikinmu, ya tara ta tsibi-tsibi, ya sallami masu bugu da hannu da suka saba yi masa kowace shekara. Mun fara da hantsi, aiki yana tafiya, sai na ji wani ƙas daga cikin injin, ya girgiza, ya tsaya. Da muka buɗe, ƙarfen tsakiya da ke juya haƙoran ne ya karye gida biyu.

Dattijon ya matso yana dogara sanda. "Yaro, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ƙarfe ne ya karye. Yanzu zan kai a yi masa walda in dawo."

Bai dubi ƙarfen ba. Gabas ya duba, ni ma na duba. Hadari ne ya fara haɗowa can ƙasa-ƙasa, irin na ƙarshen damina da kowa ya ɗauka an gama da shi.

Na ɗaure ƙarfen a bayan babur na kama hanyar Gwaram. Mai waldar da na sani ya tafi jana'iza ƙauyensu. Na biyu yana nan, amma ya juya ƙarfen ya ce ko ya liƙa ba zai riƙe ba, sai dai a samo wani. Ban tsaya shawara ba, na miƙe Birnin Kudu. Duk tsawon hanyar ina waiwayen sama. Iska ta fara kaɗa ganyen dawa a gonakin gefen titi, ni kuwa ina murza babur ina lissafin abin da zan ce wa mutumin nan idan shinkafarsa ta jiƙe.

A Birnin Kudu na zaga wurin masu kayan inji har na samu irinsa a hannun wani bakanike, na tsohon inji ne da ya kwance. Yayana ya hango ni daga shago ya kira ni in sha ruwa, na ɗaga masa hannu kawai na wuce. Ruwan sama ya tare ni a hanyar komawa. Ban fake ba.

Da na isa fadamar bayan la'asar, an riga an ɗauke ruwan. Ɗan baffana yana zaune a kan amalanke, rigarsa sharkaf. Ya ba ni labari: da suka ga hadari ya taso, dattijon ya aika cikin gari, maza da mata suka fito da duro da sanduna suka kama bugu. Abin da suka samu suka buge an kwashe an kai gida. Sauran, wajen rabi, ga shi nan a jiƙe, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa.

Na je na durƙusa gaban dattijon. "Baba, ka yi haƙuri."

"Kai ka saukar da ruwan?"

"A'a, Baba. Amma da ba don injina ba, da ba ka yanke duka a tare ba."

Ya ce, "Wannan gaskiya ne. Tashi, a samu a shanya."

Kwanakin da suka biyo baya a gonarsa muka yi su, muna baza dami a rana muna juyawa. Wani ya bushe muka casa, wani ya yi tsiro, wani ya yi baƙi. Ban karɓi ladan aiki ba, shi ma bai yi tayi ba. Kafin mu gama, labari ya riga mu zuwa ƙauyukan gaba. Mutum uku da suka yi mana alkawari a Dingaya suka aiko cewa sun samu wani.

Dattijon bai sake kirana aiki ba har yau. In mun haɗu a kasuwa muna gaisawa sosai, ya tambayi mahaifina, in tambayi iyalinsa. Ya koma wa masu bugunsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Na yi tunanin sayar da injin a wannan kakar. Yayana ma ya ce kujerata tana nan a shago. Wata rana na je na zauna, kafin azahar ƙafata ta fara ƙaiƙayi, na tashi na tafi neman masu dawa, tunda lokacin shinkafa ya wuce. Dawa da gero ne suka fitar da ni a shekarar. Da abin da na samu na cire rufin ciyawar ɗakin Inna na sa mata kwano. Ranar da aka gama ta shiga ta fito, ta sake shiga, tana ta sa albarka.

Tun daga nan ba na fita sai da ƙarfe na biyu da bel a cikin buhu, kuma ba na barin kowa ya yanke gonarsa duka saboda ni. Yanzu injuna sun yi yawa a yankinmu, wasu a bayan mota suke, sun fi nawa sauri. Ina ganinsu hankalina ya tashi. Bana 'yan noman rani sun ce in zo musu idan shinkafarsu ta nuna, ga kuma wani a Gwaram zai sayar da injin ban ruwa. Matata ta ce in bari a huce tukuna. Na ce mata gani kawai zan je in yi, ranar kasuwa.