Shingen da Aka Auna da Amalanke

Gidana yana ƙarshen ƙauyenmu ne, a yankin garin Turawa, kuma gefensa na gabas ya jingina da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Tun zamanin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, dangar kara ce ke tsare wannan gefe. Kowace kaka, idan an kai dawa rumbu, sai a zaɓi kara masu kauri, a kafa dirka, a ɗaure tanka da igiyar rama. Katangar ƙasa ba ta zama a wurin, domin ƙasar tana riƙe ruwa. Mun gina, damina ta cinye gindinta.

Da girma ya zo mini, 'ya'ya kuma suka watse neman abinci, sai danga ta riƙa zarce shekara ba a sabunta ta ba. Wata damina iska ta taso da la'asar, ta kwantar da ita ɗungurungum. Tsakar gidana ta zama fili, mai wucewa har kajinmu yana gani.

Uwargidana mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Tun da aka kawo ta gidan nan, baƙon namiji bai taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba. Ran nan ta naɗe tabarmarta, ta kwashe murhu da tukwane, ta shige ɗaki. A can take girki, a can take wuni. Na kafa zana don a rage, shanu suka yi susa da ita, ta karkace. Kafin ruwa ya ɗauke, hayaƙi ya sa mata tari mai tsanani wanda ke hana ta barci. Malamin asibiti ya ce maganin farko shi ne iska da rana. Ta ce ta ji, amma ita ba za ta zauna a kasuwa ba.

Sai na yanke shawarar yin shingen katako wanda zai daɗe. Na aika wa wani kafinta Bazazzagi da ke zaune a Rogo Ruma, dattijo ne shi ma. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da gajiya, sai ya dube ni ya ce, "To, Bakano, yau kuma an tuna da iyayengiji ke nan?"

Na ce, "Bawa ba ya ƙin kiran ubangidansa, shi ya sa ka yi sammako. Ajiye zarto ka sha fura."

Akwai wata tsohuwar ƙirya a gonata da ta bushe a tsaye, ita muka sare muka fitar da dirkoki, domin gara ba ta samun sa'ar ƙirya. Duk da haka muka babbake gindin kowace dirka a wuta, muka shafe shi da baƙin mai. Ramukan da dagi aka haƙa su, sai hannu ya nutse har kafaɗa. A zuba tsakuwa a ƙasa, a tsayar da dirka, a cika da jar ƙasa ana kirɓawa da taɓarya. Katakon kuwa a zaure muka jera shi, da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iska har aka gama girbi. Ɗanyen katako idan ya bushe a jikin shinge yakan tsuke, ya bar kafofin da ido zai shiga. Da muka zo bugawa, leɓen wannan muka ɗora bisa leɓen wancan, kuma ba mu bar katako ya taɓa ƙasa ba. Duwatsu muka jera a ƙarƙashinsa.

Tsayin kuwa ni na auna. Ni dogo ne a cikin tsarata. Na tsaya a kan burtali, na ɗaga hannu bisa hulata, na ce a yanke daidai nan.

Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe, na je ƙofar ɗakinta na ce ta fito ta ga aiki. Ta leƙo, ta dubi shingen daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Sannunku da aiki, Malam. Wa ya auna tsayin?"

"Ni da kaina."

"Kana tsaye a ƙasa?"

"To, a sama zan tsaya?"

"Lokacin rake ya zo. Masu amalanke a ƙasa suke tafiya?"

Ta saki labule. Gaskiyarta kuwa. Da rani, amalanken shanu kan fito daga fadama maƙare da rake, mai kora yana zaune can bisa kayan. Karan dawa dogo ne, shi ya sa tsohuwar danga ba ta taɓa sa mu wannan tunani ba.

Na koma zaure na gaya wa kafinta. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Ashe a cikin ɗaki mai awon yake."

Maƙwabcina Bafillace ne mai noma da kiwo, yana da amalanke da bijimai biyu. Na roƙe shi, washegari ya tsaya a bayan gidana da cikakken lodin rake. Ya ce bari ya hau ya duba mana. Na ce a'a. Ina gina shinge don kada namiji ya leƙa gidana, ba zan ɗora wani da hannuna in ce ya leƙa ba. Shi da kafinta suka kama ni, ɗaya a ƙafa ɗaya a kugu, suka cicciɓa ni bisa raken, gwiwoyina suna ƙara.

Daga can na hango komai: rijiya, turmi, da ita kanta, ta fito don awon, a lulluɓe da mayafi, zaune inda ta saba zama. Kafinta ya ɗaura guntun zana a kan gora, ya jingina da shinge yana ɗagawa a hankali.

Na ɗaga murya na ce, "Kina ganina?"

"Har gemu."

"Yanzu fa?"

"Saura hula."

Kafinta ya ce, "Bakano, ka zauna sosai, kada ka fake da awo ka shanye raken mutane."

Da ta ce ba ta ganin komai, aka sa alama da gawayi a jikin gorar. Maƙwabcina ya ja bijiman gaba da baya, muka gwada kowace kusurwa, sannan suka sauke ni.

Tun da an riga an yanke dirkokin, sai muka yi musu ƙari da itacen marke, aka haɗa da manyan ƙusoshi, aka gicciya wani layin katako a sama. Launin na sama da na ƙasa bai zo ɗaya ba, har yau haka yake. Shanu na goga jiki, gara ta zagaya ta koma, shingen yana nan tsaye.

Haka aka gama ƙarin. Washegari da hantsi na dawo daga gona, na yi sallama na shiga. Na tarar da murhu a waje, ita kuma tana zaune a tsakiyar rana, kanta a buɗe, furfura a baje, mai kitso tana tsefe mata. Tarin bai sake ta nan take ba, sai da sanyi ya wuce. Mai kitso ta yi saurin jawo gyale, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, koma zaure. Mata na aiki."