Inabin da Ake Lulluɓa wa Gwado

Duk wanda ya zauna da Kawu Bukar ya san ba a rufe magana a gabansa bai ce, "A can ba haka ake ba." Ka ce rana ta yi zafi, a can ba haka ake ba. Ka ce tuwo ya yi daɗi, a can ba haka ake ba. Ranar da aka yi mini haihuwa ya leƙa fuskar jaririn ya girgiza kai, na ce, "Kawu, don Allah kada ka faɗa!" Sai da ya faɗa.

Can ɗin nan Makka ce. Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya tafi hajji a ƙasa da ƙuruciyarsa, ya dawo da furfura, ba tsaraba, ba ko abokin tafiya da zai ce ya gan shi a Arfa. Mu kuwa mutanen bakin rafin Watari kun san halinmu. Aka ce iyakarsa Borno, garin kakanninsa, ya zauna yana cin kifi har ya tsufa. Ba wanda ya yarda ya kira shi Alhaji, abin kuma yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba zai taɓa amsa hakan ba.

Shaidarsa ɗaya ce, ƙwayar busasshen inabi da ya ɗinke cikin laya. Wai wani alhaji ne ya ba shi a Mina, mutumin wata ƙasa a ƙarshen duniya ta kudu, inda lokaci yake a juye: muna rawar sanyi, su suna gumi. Ya shuka a bayan gida, ta kuwa fito. Ya yi mata rumfa, ta hau, ta yi ganye shar, ta ƙi yin 'ya'ya. Sarkin kasuwarmu, wani Bafillace mai bakin tsiya, ya zo ya duba ya ce, "Wannan ai dafara ce, irin wadda muke jiƙawa mu yi yaɓe." Daga ranar sunan Kawu ya koma Alhajin Dafara.

Kawu ya yi tunani irin nasa, ya gano cutar: baƙuwa ce, jikinta lokacin garinsu yake bi. Sanyi ya tsananta muna manne da murhu, na leƙa ta kan danga na hango shi yana yi wa itace fifita.

"Kawu, lafiya?"

"Ba ka da tausayi ne? A garinsu yanzu zafi ake zubawa!"

Da damina kuwa, mutane suna neman iska, sai ya ɗauko gwadonsa, wanda shi ke nan gare shi, ya lulluɓa wa rumfar, wai yanzu ne sanyin garinsu. Matarsa Inna Fanna ta ce, "Malam, tunda ka auro ni, ko zazzaɓi nake ba ka taɓa rufa mini gwadon nan ba."

Ya ce, "Ke ai 'yar gida ce."

Wata kaka akuyar Inna ta tsinke igiya, ta yi wa baƙuwa aski, ba ganye ba reshe, sai kututture. Kawu ya rantse sai ya kai akuya gaban alƙali. Muna ta ba shi haƙuri, sai ga toho ya fito, sai ga fure, sai ga 'ya'ya reto-reto! Abin da fifita da gwado suka kasa, akuya ta yi shi da hantsi ɗaya. Na ce, "To Kawu, a fasa ƙarar?"

Ya ce, "Dama ina da niyyar aske ta. A can haka ake yi."

Ɗanɗanon kuwa kada ku tambaye ni. Tsamiya a kusa da shi zuma ce. Amma Kawu ya jera a faifai ya nufi kasuwa yana ƙwala, "Inabin Makka! Inabin Makka!" Sarkin kasuwa yana da doka, kowane kaya da sunan ƙasar da ta fid da shi ake tallarsa, goro na Gwanja, gishiri na Bilma. Ya tare shi ya ce, "Bukar, a ina abin nan ya tsiro?"

"A bayan gidana."

"To inabin Watari ke nan."

Kawu ya sauke faifai ya gyara hula. "Kakana ne ya zo daga Borno. Ni nan aka binne cibiyata, ga ni da furfura, har gobe Babarbare kake kirana. Inabina da ya zo jiya ne zai riga ni zama ɗan Watari?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Sarkin kasuwa ya ga an kayar da shi, sai ya ce, "Ko inabin ne ma, Larabawan birni suna sayar da busasshensa. Ba sai an je Makka ba." Na ga fuskar Kawu a lokacin, ban ji daɗi ba.

Ba wanda ya saya, Kawu kuma ba ya zubar da abu. Ya matse su a tulu ya rufe. Bayan 'yan kwanaki tulu ya fara kumfa, wari ya ishi maƙwabta, aka kira liman. Liman ya sunsuna ya ja da baya. "Subhanallahi! Bukar, wannan giya ce!"

Kun ga mutumin da aka kama da giya yana murna? Kawu ya daka tsalle. "Alhamdu lillahi! Malam, ɗaga murya jama'a su ji! Dafara tana yin giya?"

Liman ya ce, "Ko dawa ma tana yi."

Kawu ya tuntsurar da tulun da kansa, ya kuma yi wata guda yana bin limamin wata unguwa.

Da damina ciwon ajali ya kama shi. Yana kwance yana karkarwa cikin tsohon zanen Inna, gwado yana can kan rumfa, ya hana kowa ya taɓa. Sarkin kasuwa ya zo dubiya. Ya dubi rumfa, ya dubi mai jinya. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa masa, ya juyo gare ni ya ce, "Ba a yi wa ƙarya irin wannan hidima." Sannan ya durƙusa ya ce, "Sannu, Alhaji."

Kawu ya buɗe ido yana jiran sauran. "Alhajin me?"

"Alhaji kawai."

Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Can ya share ido ya ce, "A can ba haka ake gaida alhaji ba."

Bai kai kaka ba. Da itacen ya sake yin 'ya'ya na kai kasuwa, na tambayi sarkin kasuwa da wane suna zan yi talla, Makka ko Watari. Ya ɗauki ɗaya ya tauna, fuskarsa ta yamutse, ya haɗiye da ƙyar ya ce, "Inabin Alhaji." Sunansa ke nan har yau, kuma har yau ba mai saya.

Allah ya ji ƙan Kawu Bukar, ya karɓi hajjinsa da muka ƙi karɓa. Allah ya zaunar da shi ƙarƙashin inabin Aljanna, inda zai ɗanɗana ya tuna namu, ya ce a can ba haka ake ba, kowa ya ce ya yi gaskiya. Amin.