Baba Maazou da Wasiƙun Gonar Koko

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2008, da hantsi, matarka Anti Aissa ta kira ni daga unguwar Glenwood ta ce ka rasu, Baba Maazou.

Kai ne aminin mahaifina tun Maraɗi, amma ƙuruciyarka a Kodebuwa ka yi ta, shekara goma sha shida kana aiki a gonakin koko. Idan kana ba ni labarin wurin, sai ka lumshe ido. Kakan ce rana ba ta sauka ƙasa a can, sai dai ta ɗiɗɗigo ta cikin ganye. Kakan ce har yanzu ƙamshin 'ya'yan koko da aka rufe da ganyen ayaba yana riskarka a cikin bas. Duk shekarun nan ba ka taɓa ɗanɗana cakulan ba, sai da ka zo Greensboro a Amurka, kana jera shi a kantin da kake aiki.

A bayan wani kwalin cakulan ka ga hoton manomi yana murmushi. Na karanta maka alkawarin kamfanin: za a raba dashen itatuwa, a bar daji ya huta, yara su bar adda su tafi lakwal, wato makaranta. Ka daɗe kana kallon hoton, sannan ka ce, "Chamsiya, ɗauko biro. Mu tambaye su ko sun san hanyar ƙauyenmu."

Kana faɗa da Hausa, ina mayarwa Turanci. Ba ka taɓa yarda na sa kalmar zagi ba. Sunayen mutane kawai kake jerawa, da itatuwan da suka tsufa suka daina haihuwa, da gonar Amadou, abokinka da ya rage a can, wadda yake shirin barinta. Wasiƙa tara suka tafi shiru. Na gaji, na ce mu haƙura. Ka ce wanda ya rubuta alkawarin ma ɗan Adam ne, wata rana zai ji kunya.

Ta goma aka amsa. Bayan shekara guda dashe dubu biyu suka isa ƙauyen. Lakwal ɗin kuwa har yau ba a aza tubalinta ba, kuma ba ka ɓoye wannan ga kowa ba.

Sati biyu kafin rasuwarka, a gadon likita, na karanta maka saƙon Amadou cewa ya fasa tashi, sababbin itatuwan sun fara fure. Ka sa na maimaita. Ka ce, "Furen a jikin kututture yake fitowa, ƙanana, farare. Ina ganin su."

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka, Ya sanya ka a inuwar da ba ta gushewa. Ya ba Anti Aissa, da 'ya'yanka Rachid da Oumou, da mutanen ƙauyen da ba su ji labari ba tukuna, haƙurin rashinka. Amin.