Agogon da Ya Tona Ni a Wajen Dara

Ɗiyata ce ta aiko mini da agogon daga Yamai, don lokotoro ya ce a sa wa zuciyata ido. Yana ƙirga takuna, yana karɓar kira, kuma da na motsa hannu sai ya haska bugun zuciyata da manyan lambobi. Na zauna Abijan, na zauna Kumasi, na ga 'yan karta masu sa baƙin tabarau don kada a karanta idonsu. Ni kuwa sai na ɗaura zuciyata a hannu na tafi da ita wajen dara.

A inuwar da muke zama bayan kasuwar Dogon Dutsi, ba a taɓa ci na sau uku a jere ba. Ran nan taubashina, wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai bakin tsiya, ya ci ni sau biyu. Duk tarkon da na ɗana sai ya kauce yana murmushi.

"Bawana, tsuhwa ya kama ka," in ji shi. "In na ci na uku, gaban kowa za ka ce da ni ubangida."

Muna jerawa a gurabe, ni karare shi duwatsu, sai na lura idonsa ba ya kan yashi, yana kan hannuna. Ashe da na ɗana tarko zuciyata sai ta hau, agogon kuma ya kai masa tsegumi.

Ban cire shi ba. Na matsar da wani kara da ba ya da wata manufa, na tuno ranar da ɗan kabu-kabu ya sheƙa da ni cikin rairayin hanyar Matankari ba birki. Lambobi suka hau. Taubashi ya zabura, ya janye dutsensa daga inda yake tsare ni. Da na ɗana tarkon gaske kuwa, sai na shiga salati a zuci, ina numfashi kamar mai gyangyaɗi. Ya leƙa hannuna, ya ga lafiya lau, ya afka. Na cinye masa duwatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga agogo maƙaryaci na!" ya ce, yana share gurabe da ƙafa. "Ni ma sai ɗana ya sawo mini irinsa."

Na ce, "Allah Shi sa, bawana. Amma ka ɗaura shi a hannun da ke wajena."